Uwar Shaihu Umar ba ta cikin amsar ɗiyata

Ranar wata Talata na dawo daga aikin dare, idona kamar an watsa mini barkono, ba abin da nake so sai katifa. Sai na tarar da takarda a kan filona. Ɗiyata ta fari ce ta ajiye kafin ta wuce makaranta. Ki yi mini uzuri, ba zan kama sunanta ba, kin dai san al'ada. Aikin gida ne na darasin Hausa. Malaminsu ya dawo mata da shi, ya ja layi da jan biro tun daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe: "Wannan ba naki ba ne. Iyaye su sa hannu."

An ce su tattauna jigon littafin Shaihu Umar, su kuma bayyana halayen taurarinsa. Ga abin da ta rubuta, da rubutunta mai kyau kamar na ɗab'i: babban jigo, bauta. Ƙananan jigogi, haƙuri da neman ilimi. Shaihu Umar, mai haƙuri da tsoron Allah. Makau, mai gaskiya. Abdulkarim, mutumin kirki. Shi ke nan. Daga baya na ji kusan rabin ajin haka suka rubuta, har waƙafi bai sauya wuri ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, 'yar'uwa, da wayata aka yi. Ni na sa mata data da hannuna, na ce ta yi bincike, ina jin daɗi wai ni uwa mai kula da karatun 'ya'ya. Ashe wata ƙawarta ce ta turo amsar ta WhatsApp, ita kuma ta kwafe.

Da ta dawo na tsare ta a tsakar gida.

"Kin karanta littafin?"

"Mama, ai taƙaitawar ta isa. Haka kowa ka yi."

Na buɗe baki zan fara faɗa, sai maganar ta maƙale. Na tuna ni ma haka na yi a zamanina. Mu ba mu da waya, amma muna da littafin rubutun wata yaya da ta riga mu gamawa, shi muka haddace muka shiga jarrabawa. Na ci Hausa, ba ƙarya, amma ko da wuƙa za a sa mini a wuya ranar nan ba zan iya faɗin abin da ya faru a tsakiyar labarin ba. Da wane baki zan yi mata faɗa? Na sa hannu a takardar, na ce ta miƙo mini littafin.

Ɗan siriri ne, bugun kamfanin NNPC na Zariya. A dare biyu na gama shi, a teburinmu na asibiti, tsakanin duba ƙarin ruwa da ba da maganin ƙarfe biyu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a Janairun 1966. Amma sa'ad da ya rubuta shi bai zama kowa ba tukuna, malamin makaranta ne a Bauchi, ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma wannan. Mu mutanen Shagari da Bodinga ma ba baƙonmu ba ne, tunda Alhaji Shehu Shagari, shi ma tsohon malamin makaranta, minista ne a gwamnatinsa.

In kin manta labarin, ko ba ki taɓa saninsa ba, ga shi a gurguje. Wani babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna ya ba su labari. Maraya ne daga Kagara. Uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Fadawa suka yi wa Makau hassada, suka ƙulla masa sharri a wajen sarki, aka kore shi daga gari, ya je ya zauna Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A bayanta aka sace shi. Ya sha wuya daga hannu zuwa hannu har ya faɗa Kano, gidan Gumuzu mai cinikin bayi. A nan wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare sahara da shi zuwa garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Duk wannan na ɗan tuna shi sama-sama. Abin da ban tuna ba sam, abin da kuma ya sa na kife littafin a kan tebur na fita baranda na tsaya, shi ne uwar. Matar nan ba ta zauna ta rungume hannu ba. Ta baro ɗakinta ta bi sawun ɗanta har Kano. Aka yaudare ta da sunan za a kai ta inda yake, ita ma ta ƙare a baiwa, aka kai ta Murzuk, daga nan Tarabulus, ƙasar da yau muke kira Libiya. Shekaru suka shuɗe. Sa'ad da Allah ya haɗa ta da ɗanta, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu.

A amsar ɗiyata babu ita. Ko layi ɗaya.

Na san abin da ya taɓa ni, ke ma kin sani. Mu da muke raye a Fabrairun 2021 da aka kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe, da watan Yunin shekarar da aka shiga makarantar Birnin Yawuri, ba sai an yi mana bayanin uwar da ta bi sawun ɗanta ba. Na ga irinta a bakin gadon asibiti, ta sayar da akuya da gona, hawan jini ya kama ta, tana riƙe da waya tana jiran kira. Yarinyar da aka haifa a wannan ƙasa, a wannan zamani, ta rubuta sharhi kan Shaihu Umar ba ta ga matar nan ba, to ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Ba ta buɗe littafin ba ne kawai.

Ran Juma'a bayan an sauko muka tafi Mandera wajen Inna, mahaifiyata. Na sa littafin a jaka. Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma, na ce wa yarinyar ta karanta mana da ƙarfi. Ta ɓata rai. Inna ta ce, "Karanta mana, 'yar boko, mu ji abin da aka biya kuɗi kina koyo." Ita ko ta ce, "Ke tsohuwa mi za ki gane?" Kin san jika da kaka. Inna ba ta yi boko ba, allo ta yi, sai karatun islamiyya da ta shiga da girmanta. Amma a dare biyun nan ita ta koya mana nazarin taurari, ba ta ma san sunan abin ba.

Da aka zo kan Makau, ɗiyata ta ɗaga kai ta ce ai ga shi nan, mai gaskiya ne, sharri aka yi masa. Inna ta yarda an zalunce shi, ta ma yi tsaki a kan fadawan, ta ce irinsu ba su ƙarewa, ko a gidan biki akwai su. Sai kuma ta ce, "To amma tsaya. Kan mi anka yi mai sharrin?" Yarinyar ta koma baya ta duba. An tafi hari ne, an kamo mutane, aka ce Makau ya ɓoye wasu bayin bai kawo wa sarki duka ba. Inna ta ce, "Su waɗanda anka kamo ɗin, ba su da uwaye?"

Muka yi shiru. Gaskiyar Makau gaskiya ce, bai ci amanar ubangidansa ba. Amma amanar a kan me? A kan 'ya'yan wasu da aka rabo da gidajensu. Kuma abin da aka je aka yi wa 'ya'yan wasu, shi ne ya zagayo ya sami agolansa da matarsa. Ka rubuta "mai gaskiya" ka tsaya, ka bar rabin mutumin a waje.

Abdulkarim kuwa har gardama muka yi a kansa, sai da ƙanena ya leƙo ya ce ko lafiya. Ɗiyata tana sonsa. Ta ce ba don shi ba da Umar ya ƙare a gonar wani yana bauta. Ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi ilimi. Duk gaskiya ne. Inna ta ce, "Wanda ya ɗauki ɗan mutane ya ƙetare rairayi da shi, ko izu nawa ya koya mai, ina ya bar uwatai? Kuma mi ya kai shi gidan mai saida mutane tun farko?" Yarinyar ta ce ai daga baya da Umar ya girma ya matsu da son ganin uwarsa bai hana shi ba, tare ma suka kamo hanya. Inna ta ce, "Bayan shekara nawa?"

A nan ni ma na sa baki, da abin da aikina ya koya mini. In an kawo mara lafiya, muna sauraron mai jinya, amma muna lura da ko wane ne shi. Abin da miji zai faɗa game da ciwon matarsa daban, abin da uwarta za ta faɗa daban, ba don wani yana ƙarya ba, kowa daga inda yake tsaye yake gani. Na ce mata, wa ke ba mu labarin nan tun daga farko har ƙarshe? Ta ce Shaihu Umar. Na ce to duk abin da muka sani game da Abdulkarim, daga bakin yaron da ya rena muka ji shi. Yaron da aka tsamo daga gidan Gumuzu aka sa a inuwa, yaya kike so ya kwatanta wanda ya tsamo shi? Kuma dattijo ne malami yake magana a gaban almajiransa, mutumin da ya riga ya sallama wa ƙaddara. Ba zai zauna yana zagin kowa ba. Shi ya sa littafin yake tafiya a natse, ba kuka ba kururuwa, ko a wuraren da ke mai karatu cikinki ke juyawa. Wannan natsuwar ita ma abin rubutawa ce in an tambayi salo, ba sai an ce "marubucin ya yi amfani da Hausa mai sauƙi" an wuce ba.

Ni a ganina Abdulkarim ya fi kowa wuyar sha'ani a littafin, shi ya sa ya fi kowa daɗin rubutu. Mutum ne mai tausayi da ke cin abinci a cikin mugunyar sana'a, kuma bai ga wani karo tsakanin biyun ba. Ban ce ki yarda da ni ba. Ɗiyata ma ba ta yarda duka ba.

Akwai abin da na bincika daga baya wanda ya ƙara mini haske. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Dokarsu ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Littafin kuwa ya fito a 1934. Wato sa'ad da Ɓalewa ke rubutu, waɗanda aka saya da waɗanda suka saya suna nan da ransu, suna haɗuwa a kasuwa da masallaci. Ba tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yake yi ba. Yaron da ya san wannan zai gane dalilin da marubucin ya bi a hankali, bai nuna kowa da yatsa ba, ya dai jera abin da ya faru ya bar mai karatu da zuciyarsa.

Sai batun jigo, inda yaranmu suka fi faɗawa rami. An koya musu jigo shi ne saƙon da marubuci ke son isarwa, amma in an tambaye su sai su jefo kalma ɗaya. Bauta. Haƙuri. Na ce mata, in uwa ta kawo yaro ta ce jikinsa da zafi, na rubuta "zazzaɓi" a kati na rufe, na yi aiki? Zazzaɓi alama ce. Sai na tambayi yaushe ya fara, yana amai, yana karɓar nono, an ba shi wani abu a gida, sannan a ɗebi jini a gwada a ga ko na cizon sauro ne ko wani abu daban. "Bauta" kamar "zazzaɓi" ce. Kowa ya ga bangon labarin ya san da bauta a ciki. Me littafin ya ce bauta tana yi? Wa take yi wa? Faɗa mini a jimla cikakkiya, wadda wani zai iya cewa bai yarda ba.

Ta yi ta juya biro. Ta fara cewa bauta ba ta da kyau. Inna ta yi dariya ta ce ko akuyarta ta san wannan. Can dai ta ce: bauta tana raba uwa da ɗa, kuma ko an sake haɗuwa ba a maido abin da aka rasa. Na ce to kawo shaida. Ta kawo: Umar ya sami ilimi da daraja, uwar ta sami kabari a ƙasar da ba tata ba. Hanya ɗaya suka bi, sahara ɗaya suka ƙetare, shi ya zama Shaihu, ita ta zama baiwa. Na ce rubuta. Wannan ita ce warwarar jigon da malaminku ke nema, ba wani abu ba ne daga sama.

Haƙurin ma da ta kwafo ba ƙarya ba ne, yana cikin littafin. Sai dai haƙuri iri biyu ne a ciki, kuma ita da kanta ta gano haka a dare na biyu. Akwai na Umar, wanda ya karɓi inda ƙaddara ta ajiye shi ya yi karatu. Akwai na uwar, wadda ta ƙi zama, ta jure yunwa da bauta saboda abu ɗaya da ta sa a gaba. Ta tambaye ni wanne ne haƙurin gaskiya. Na ce ba ni za a ba maki ba, ta zaɓa ta kare zaɓinta.

'Yar'uwa, na san abin da za ki ce. Ke nas ce, kin yi karatu, ni fa? Ko kuma, ina na ga lokaci, ga girki ga sana'a ga goyo? Ni ma ban karanci adabi ba, allura da awon ciki na koya. Kuma tambayoyin da suka fi ƙarfi a kan tabarmar nan ba daga bakina suka fito ba. Ke da kike iya gane halin matar ƙanen mijinki tun ranar da aka kawo ta, daga yadda ta ajiye kwano, ba wanda zai koya miki nazarin hali. Abin da yaron ke buƙata ya karanta miki da ƙarfi kina tankaɗe ko kina tsinke zogale, ke kuma ki riƙa tare shi. In ya ce wane mugu ne, ki ce me ya yi? In ya ce wance mai kirki ce, ki ce wa ya faɗa, a gaban wa? In wani ya ɓace daga labarin, ki ce ina ya shiga? Duk halin da ya ɗora wa tauraro, kada ki bar shi ya wuce sai ya nuna miki wurin da aka aikata shi. Shi ma mai duba takardar jarrabawa abin da yake nema ke nan, hali da hujjarsa.

Wayar ma ban ce a jefar ba, ga shi da ita kike karanta ni. Amma yanzu a gidana littafi ne farko. Akwai fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, akwai fassarar Turanci ta Mervyn Hiskett tun 1967, duk na ce mata ta nema in tana so, bayan ta gama na Hausar. Fim ba ya zama madadin littafi a ɗakin jarrabawa, don mai shirya fim yana da nasa gani, kamar yadda Inna ke da nata.

Ta sake rubuta aikin ran Lahadi da dare bayan mun dawo, shafi biyu da rabi, da kure-kuren rubutu da gogewa, ba kyau kamar na farko. Ta ɗauki uwar Umar da Abdulkarim a matsayin taurarinta. Malamin ya ba ta maki mai kyau. A gefen sakin layin Abdulkarim ya rubuta cewa bai yarda da ita ba, ta yi wa mutumin tsanani, amma ta kawo hujja. Ta yi kwana uku tana nuna wa duk wanda ya shigo gidan wurin da malam ya ce bai yarda da ita ba.

Akwai dai abin da ban gaya miki ba. A daren Asabar ɗin, bayan an rufe littafi, ina naɗe tabarma, sai na ji ta ce wa kakarta, "Inna, mu a wancan zamanin, cikin waɗanda anka kama muke ko cikin masu kamawa?"

Gabana ya faɗi. Kin san a ƙasarmu wannan ba tambayar da ake yi da ƙarfi ba ce. Har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bi ta bayan fage an binciki asali, kuma kowa ya san abin da ake bincika. Ni da na girma a ɗakin nan ban taɓa yi wa Inna ita ba.

Inna ta daɗe tana kallon fitila. Sannan ta ce dare ya yi, a je a duba ko an ɗaure awaki. Da safe muna shirin tafiya, ta riƙe hannun yarinyar a bakin zaure ta ce in an yi hutu ta dawo ita kaɗai, ta zo da littafin rubutu sabo da biro biyu.

Hutun saura mako uku. Na riga na sayi littafin rubutun.